Makabartar Gidan Hapgood

Kwana uku ke nan Marlene Hapgood tana ragaita a dajin da ke arewa da tsohuwar hanyar shanu, ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan na watan Mayu sun yi mata kaca-kaca da wuya, amma ko kabari ɗaya ba ta gani ba. Ranar Litinin yayanta Dwight zai shigo da injinan sare itace. Alkawari ɗaya ya yi mata: in ta nuna masa makabartar kakanninsu, zai kewaye ta da jan ƙyalle, taya ba za ta taɓa wurin ba. In ba ta nuna ba, shi ba zai bar kadada ashirin a tsaye saboda labarin Kaka ba.

Abin da ta riƙe shi ne kwafin taswirar gunduma ta shekarar 1858, wadda ta samo a ofishin magatakardar gari. Kowane gida ɗigo ne baƙi, da sunan mai shi a gefe. Ga "E. Hapgood" nan ɓaro-ɓaro a arewa da hanya. Kaka kuwa ta ce mutum shida ne kwance a bayan gidan, uku yara, duwatsun gona aka kafa musu, babu rubutu. To a jihar Vermont ina ne babu dutsen gona? Duk dajin katangun dutse ne, sun bi nan sun bi can suna raba gonakin da babu su yanzu.

Ranar Asabar Dwight ya biyo ta, wai taimako. Taimakon nasa shi ne ya zauna a kan katanga yana shan kofi.

"Malamar tarihi, an samu kakannin ne, ko sun yi ƙaura?"

"Dwight, in ba za ka tashi ba, ka rufa mini baki."

"Ni fa shekara talatin ina cikin dajin nan. Da akwai ramin gida a nan, da tuni na faɗa ciki."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Gidan da ya rushe yakan bar ramin ƙarƙashinsa, jere da duwatsu, ko bayan shekara ɗari. Ta sami biyu a wannan ɓangaren, na maƙwabtansu Pratt da Ordway, daidai inda taswira ta ce. Nasu ne kawai ya ƙi fitowa. Ta auna taku daga rafi har sau huɗu. Ta caccaki ƙasa da sanda har tafin hannunta ya yi kanta. Haushin mai taswirar take ji, mutumin da ya daɗe da zama ƙasa, tana jin haushin Kaka da ba ta taɓa kawo su ba, tana jin haushin kanta da sai da ta kai sittin da biyu ta damu.

Ta zube kusa da shi, ta fizge tabarau daga aljihunsa don nata ya yi gumi, ta shimfiɗa takardar a cinya. Ba don tana sa ran komai ba ta shiga ƙirga ɗigo da yatsa. Arewa da hanya sunaye uku ne, ɗigo biyu. Ta sake ƙirgawa. A kudu, a matse tsakanin hanya da manyan haruffan sunan rafi, ga ɗigo ɗaya shi kaɗai, ba suna.

"Wuri ne bai ishi mai taswirar ba," ta ce a hankali. "Ya rubuta sunanmu a tsallaken hanya. Kwana uku rubutu nake bi, gidan yana kudu."

Dwight ya karɓi takardar ya duba. Bai yi dariya ba.

"Kudu ai na sare bara," ya ce.

Suka tsallaka hanya. Nan babu inuwa, sai kututture da ƙayar da ta fara tsiro. Ramin gidan bai yi wuyar samu ba da suka san abin da suke nema: an cika shi da rassa har baki, dutsen bakin ƙofa kaɗai ya leƙo. Bayansa akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, katanga ta kewaye shi ta gefe uku, ƙasarsa duk sawun manyan tayoyi.

"Wannan fa?" Marlene ta tambaya.

"Nan na tara gumagumai kafin mota ta kwasa. Shi kaɗai ne wuri shimfiɗaɗɗe a duk gangaren." Ya kalli kusurwar katanga. "Akwai wasu 'yan duwatsu a tsaye, a jere. Na sa bakin inji na ture su can."

Ta je kusurwar ta durƙusa, ta yaye ganye. Shida ne, uku ƙanana. Ta so ta zage shi, zagin yana nan a bakinta tun ranar Alhamis, amma da ta waiwayo sai ta ga ya cire hula, yana tsaye a tsakiyar filin, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa, ya rasa inda zai taka.

"Marlene," ya ce, "ban san wanne ne na wa ba. Ban ma tuna inda aka kafa su ba."