Amsar Wani a Hannun Wani

Tun da safe Auta ta kasa zama wuri guda. Ta buɗe taga, ta rufe, shayinta ya huce a gefen kwamfuta. Da azahar za a sallami Dogo, abokin aikinta, kuma kawunta mai kamfanin ne zai ba shi takardar da hannunsa.

Manhajarsu tana aika sakamakon gwajin jini zuwa asibitoci. Kafin ta aika, sai ta tambayi intanet lambar adireshin da ke bayan sunan kowane asibiti. A da tambaya ɗaya take yi, ta tsaya jiran amsa. Dogo ne ya raba aikin kashi takwas masu tafiya lokaci guda, waɗanda suke kira zare, kowane zare ya jefa tambayarsa ya wuce, ba jira. Aiki ya yi gudu, kowa ya yaba. Sai ga sakamakon wata mai ciki ya faɗa wani asibiti daban, aka ce ai gaggawar Dogo ce.

Auta ta bi layukan rubutun manhajar har idonta ya yi ja, ta kuwa gano. Tsohon sashen da ke karɓar amsa gurbi ɗaya tak gare shi. Zare na uku zai ajiye lambarsa, kafin ya waiwayo na bakwai ya rubuta tasa a kai, sai sakamakon ya bi adireshin da ba nasa ba. A saman sashen kuma sunan Kawu ne, da kwanan wata na shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ashe kuskuren na Kawu ne. Mutumin da ya saya mata kwamfutarta ta farko, wanda ko a gida ba a ce masa ya yi kuskure. Ta je ƙofarsa sau biyu tana dawowa. A na uku ta hango Dogo yana zuba littattafansa a kwali, ta tura ƙofar Kawu.

Ta yi bayani a tsaye, tana jiran faɗa. Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon allon kwamfutarsa. Ya jawo takardar sallamar ya kife ta.

"Ki ce wa Dogo ya mayar da kayansa." Ya nuna mata kujera. "Sannan ki zauna, 'yata, ki sake min bayanin zaren nan a hankali. Tun da aka fara maganarsa nake gyaɗa kai kawai."