Matar Bature Tana Ciki

Ku yi mini afuwa. Ni karatun littattafan mutane kawai na iya, yau ne na fara ɗaukar alƙalami da sunan labari. In na yi tuntuɓe a tashe ni a hankali.

Baturen sunansa Desmond, amma duk ƙauyen Des ake ce masa. Tsohon direban jirgin ƙasa ne daga Ostireliya. Da ya yi ritaya, sanyin garinsu ya cinye masa gwiwoyi, sai ya tattaro komatsansa ya taho wani tsibiri mai zafi a tsakiyar teku, mai suna Savai'i, neman rana. Ya kama hayar wani ɗan gidan bulo a bakin teku, a filin dangin Fuatino, wata bazawara mai manyan jikoki wadda ba a yin baƙo a ƙauyen ba ta leƙa shi ba. Ranar da ya sauka ta je yi masa barka da zuwa, ta tambaye shi iyali. Ya nuna ɗaki da haɓa.

"Noreen na ciki. Na ajiye ta a bakin taga, tana son kallon ruwa."

Na ajiye ta! Nan take Fuatino ta gane cewa baiwar Allah ba ta iya tafiya, tausayi ya kama ta. Daga ranar, duk Lahadi in an taso daga coci aka yaye ganyen ayaba daga kan duwatsun da ake gasa abinci, sai ta zuba kwano biyu ta aika: gwaza, kifi, da ganyen gwaza mai madarar kwakwa. Kwanukan kan dawo a wanke tas. Masu wucewa da yamma kuma sukan ji muryar Des ta taga yana cewa, "Noreen, kin ga ruwan nan kuwa? Kamar da bakin ƙwarya." Amsar ce dai ba a taɓa ji ba.

Wata ya bi wata. A ƙauyen da yawancin gidaje ginshiƙai ne da rufi, babu bango, kowa na ganin barcin kowa, a ce ga mace ko diddigenta ba a taɓa gani ba? Zancen ya kai wajen saƙar tabarma.

"Ci dai tana ci," in ji Leitu, matar yayan Fuatino. "Ko ƙaya ba ta dawowa."

"Ciwo ne, Yaya Leitu."

"Wane irin ciwo ne mai barin baki ya tauna ya hana shi cewa an gode? Ke dai an same ki, kina ta kiwon sarauniya."

Aka kwashe da dariya. Maganar ta soki Fuatino. Lahadin da ta biyo ba ta aiki kowa ba, ta sa farar rigarta ta coci, ta ɗauki kwanukan da kanta.

"Dattijo, yau dai sai na gaida uwargida."

Fuskar Des ta washe kamar wanda aka yi wa kyauta. "Shigo mana. Ba wanda ya taɓa tambaya."

Ɗakin a share yake. Gado ɗaya, matashi ɗaya. Fuatino ta duba bayan ƙofa, ta duba kujera. Ba keken guragu, ba takalmin mata, ba kowa.

"Ina take?"

"Ga ta nan."

A bakin taga akwai wata 'yar tukunya shuɗiya mai murfi, ba ta fi tulun man shafawa babba ba, an sa mata fure a gefe.

Fuatino ta kalli tukunyar, ta kalli Des, ta sake kallon tukunyar. Kwanukan suka karkace a hannunta har romo ya zubo mata a farar riga. Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba.

Ya yi mata bayani a hankali. Tare suka zaɓi gidan nan a hoto, tare suka sayar da nasu. Ana gab da tasowa ciwo ya kwantar da Noreen, ba ta tashi ba. Ita ce ta bar wasiyya a ƙona ta.

"Ƙona ta kuka yi? Da wuta?" Fuatino ta taɓa jin ana cewa Turawa na yin haka, amma ji daban, zama kusa da abin daban. "Ya Ubangiji! To kwanonta wa ke cinyewa?"

"Kwanonta?" Des ya dubi cikinsa da ya fara turo riga, kunnuwansa suka yi ja. "Na zaci gani kuka yi na rame."

"Har yaushe za ta zauna a taga kamar gwangwanin sukari?"

"In na samu ƙarfin zuciya, zan zuba ta a teku, bayan duwatsun can."

"Inda 'ya'yanmu ke kamun kifi?"

Ta fito ko sallama ba ta yi ba. Mace baƙuwa a filin danginsu, wata da watanni, ba ƙasa a kanta, ba wanda ya yi mata waƙa ko addu'a, su kuma suna ta zarginta da rashin godiya! Kai tsaye ta wuce wajen yayanta Penitito, shugaban dangi, wanda ba a dasa ko ayaba a filin sai da izininsa. Yana kishingiɗe a kan kabarin mahaifiyarsu a ƙofar gida, inda simintin ya fi sanyi, yana sakace.

Da ya ji labarin, tsinken ya faɗi daga bakinsa. Leitu da ta biyo baya ta dafe ƙirji. "Ni da na ce mata sarauniya! Allah ya yafe mini, ashe da gawa nake tsegumi."

"Yaya, a ba ta wuri a binne ta," in ji Fuatino.

Penitito ya tashi zaune. "A'a."

"Taku biyu fa kawai."

"Ƙanwata, kabari turke ne. Don me muke binne namu a ƙofar gida? Don kowa ya san ƙasar ta wace ce. Yau in na haƙa wa Baturiya rami, gobe jikanta zai sauko daga jirgi da lauya ya ce kakarsa na nan. Na ba shi haya, ban ba shi gado ba."

Gaskiya ya faɗa, Fuatino ta sani. Ta tsaya tana kallon simintin da yake zaune a kai, hawaye na bin kumatunta.

"To kada ka haƙa sabo. Ka ɗaga gefen wannan, a sa ta wajen ƙafafun Inna."

"Kin haukace? Baƙuwa a ɗakin Inna?"

"Yaushe Inna ta taɓa barin baƙo ya kwana a waje? Kai da kanka sau nawa ta tashe ka daga tabarmarka ta ba wani?"

Leitu ta yi dariya cikin kuka. "Ai ko ba komai Inna ta samu wadda za ta yi wa surutu, ba ta katse ta."

Penitito ya daɗe yana shafa simintin da tafin hannu. Can ya ce, "Ba suna a kan dutse. Ko harafi ɗaya. In ya yarda da haka, a kira fasto."

Wannan sharaɗin ne ya fi yi wa Fuatino nauyin faɗa. Des ya saurara yana tsaye a ƙofarsa, ya rungume tukunyar a ƙirji.

"Ba suna? To wa zai san tana nan in na mutu?"

"Dattijo, a teku wa zai rubuta mata? Nan kuwa kullum da safe ni ke share wurin. In na mutu 'yata ce, in ta mutu 'yarta. Mu ba a dutse muke ajiye suna ba."

Des ya dubi tukunyar. Ya koma ciki ya rufe ƙofa, har ta fidda rai ta juya. Sai ta ji ƙarar sakata. Ya fito da baƙar kwat ɗinsa a cikin wannan zafin, gumi na tsiyaya, takalmi sau ciki.

Kafin la'asar ƙauyen duk ya hallara, wasu da addu'a, wasu don su gani da idonsu mutum sukutum a cikin tukunya. Penitito da kansa ya riƙe guduma ya fasa gefen simintin. Mata suka shimfiɗa lallausar tabarmar da ake ajiye wa manyan ranaku. Des ya miƙo tukunyar, hannunsa ya ƙi saki, sai da Fuatino ta ɗora nata a kai.

Ta zaci toka ba ta da nauyi. Da tukunyar ta sauka a hannunta sai ta ji ta kamar jariri sabon haihuwa, har ta gyara mata riƙo ba ta sani ba. Ta naɗe ta a tabarmar, ta durƙusa ta sa ta a ramin wajen ƙafafun Inna, mata suka ɗauki waƙa.

Ni dai a nan zan tsaya. Tun idon kowa na kan ramin, bari in zame ta bayan bishiyoyin ayaba kafin wani ya ɗago kai.