Lomar Ajji

Ajji ta take sandar da ke tallafe da tukunya, tana tuƙin tuwon tamba, tururi na rufe mata gilashin ido. A gefenta, a kan 'yar kujerar da jikarta Nayana ta saba zama tun tana rarrafe, baƙuwa ce zaune.

Sunanta Harleen, 'yar jihar Punjab ce ta can arewa da aka turo koyarwa nan garin Mandya, ta kama hayar ɗakin sama. Tun zuwanta take manne a madafa. Me ya sa ake jefa ɗan suga na rake a miyar tsamiya? Me ya sa sai ƙwayar mastad ta fashe a mai kafin a zuba ganye? Ajji, wadda ba ta da haƙurin tambaya, sai ga ta tana amsawa har da dariya, tana ɗiga mata miya a tafin hannu ta ɗanɗana.

Nayana na bakin ƙofa da littafi a cinya. Tun safe shafin bai canja ba.

Da Ajji ta fita tsinko ganye a bayan gida, Harleen ta matso, ta rage murya.

"Ƙanwata, ki rufa mini asiri. Yau zan fara cin tuwon nan naku, mudde. Ba na so in kunyata a gaban Ajji. Yaya ake yi?"

Kowane yaro a Mandya ya san amsar. A gutsuro, a dangwala a miya, a haɗiye. Haƙori ba ya taɓa shi. Nayana ta dubi kujerar nan, ta dubi ɗigon miya da ya bushe a hannun baƙuwar.

"Taunawa ake yi," ta ce. "Sosai. Ajji ba ta son mai haɗiya kamar agwagwa."

"Allah ya bar mini ke," in ji Harleen, ta ɗan ja mata kumatu.

Da rana ta take, Kawu Siddappa ya dawo daga gonar rake, aka zauna a ƙasa, kowa da farantin ƙarfe. Ajji ta ɗora wa kowa malmala mai zafi, ta kwarara miyar alayyafo da wake. Harleen ta gutsuro babbar loma, ta kai baki, ta fara tauna cikin ladabi.

Tuwon ya kama haƙora, ya liƙe a dasashi, ya ɗane ganɗa. Tana ƙara tauna, yana ƙara danƙo. Ta so ta yi murmushi, haƙoran suka fito baƙi ƙirin.

Kawu ya ajiye lomarsa, ya ƙyalƙyale har da tari.

"Malama, rake aka ba ki? Ko a garinku har ruwa ma sai an tauna?"

Idon Harleen ya cika da ƙwalla. Sau ɗaya ta ɗago ta dubi Nayana, sannan ta mayar da kanta ƙasa. Abin da Nayana ta jira ke nan tun safe, amma daɗin bai zo yadda ta zata ba.

"Rufe mana baki, Sidda," in ji Ajji. "Kai da aka yaye ka kana shafa shi a kunne." Ta juya ga baƙuwar. "Wa ya ce miki taunawa ake yi?"

Nayana ta ƙura wa farantinta ido.

"Babu kowa, Ajji," Harleen ta ce da ƙyar. "Mu mutanen alkama ne, tauna muka iya."

Ajji ta miƙa mata ruwa ta kurkure baki. Daga nan ta wanke hannu, ta ja jiki da gwiwarta mai ciwo har gaban Harleen, ta jawo farantin. Ta gutsuro ɗan kaɗan, ta mulmula shi da yatsu uku, ta juya shi a miya, ta goga a man shanu.

"Buɗe, 'yata. Kada ki yi komai. Bar shi ya wuce da kansa."

Ya wuce. Harleen ta zaro ido, Ajji ta yi dariya, ta sake mulmula wata.

Nayana ta san wannan hannun, ta san ƙamshin tafarnuwa da toka da ke jikinsa. Rabonta da loma daga gare shi tun ranar da ta fara kitsa gashinta da kanta, Ajji ta ce ai ta zama budurwa. Yanzu ga shi yana kai da komo, loma bayan loma, zuwa bakin da bai ma iya kiran sunan miyar daidai ba.

A hankali ta gutsuro nata, ta sa a baki. Ba ta haɗiye ba. Ta fara tauna, tana motsa muƙamuƙi yadda kowa zai gani, tuwon na liƙe mata a haƙora.

Ajji ba ta ko waiwayo ba.

"Nayana, daina wasa da abinci. Kin girma."