Sakatar Banɗaki

Maman Dogo ta daina sa ɗankunne tun ranar da ɗanta ya fizge ɗaya har da fatar kunnen. Kofunan gilashi sun koma na roba, madubi ya koma ƙarƙashin gado, kuma ba ta tashi daga kan keken ɗinki sai ta kulle almakashi. Likita ya ce galahanga ce. Maƙwabta kowa da sunan da ya raɗa wa ciwon, kowa da maganinsa, amma ba wanda ya taɓa cewa a kawo yaron ya wuni a gidansa.

Dogo shekararsa tara, ba ya magana, ƙarfi kuwa sai ka ce ɗan dako. Ubansa direban babbar mota ne, yakan zo kamar baƙo, ya ajiye tsaraba, ya ce a yi haƙuri, ya koma. Sai ƙanwar Dogo, Auta, 'yar shekara biyar.

Saboda Auta Kaka ta zo. Tun da ta ga shatin haƙora a damtsen yarinyar take cewa a ba ta ita.

"Inna, ban haife su don in raba su ba," in ji Maman Dogo, ƙafarta na kan keke. "Mun san yadda muke yi."

"Na ga yadda kuke yi a hannunta."

"Wannan ai ya daɗe."

Kaka irin matan nan ce da in sun shiga gidan mutum, kafin su sha ruwa sun nemi tsintsiya. Ta ga marafan kwalba a jere tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin kujera, ta share su tas ta juye a shara, tana mitar ƙazantar 'ya'yan yanzu. Ba wanda ya tuna ya gaya mata layin Dogo ne. Mutanen gidan sun saba tsallake shi har sun daina ganinsa.

Dogo ya fito daga ɗaki, ya tsaya inda layin yake farawa. Sai ya soma gunjin nan ƙasa-ƙasa, yana kaɗa hannuwa.

Maman Dogo ta kulle almakashi, ta zare tabarau, ta zura tsohuwar rigar sanyin mijinta mai kauri, ta jawo katifar da ke jingine da bango. Gabanta bai faɗi ba. Ta yi komai kamar mai shirin wanke-wanke. Ko duban Auta ba ta yi ba, don yarinyar ta riga ta ajiye cokali, ta kama hannun Kaka.

"Kaka, zo. Ba a gudu, ba a magana."

Ta ja tsohuwar zuwa banɗaki, ta taka kifaffen bokiti, ta tura sakata.

Abin ya zo yadda ya saba zuwa. Kujera ta kife. Dogo ya nufi bango da goshi, uwar ta tare da katifa. Ya juyo kanta da duka da yakushi, ya kafa haƙora a hannun rigar. Ta ji cizon kamar a jikin wani. Ta san ba mugunta ba ce, duniyarsa aka share, shi kuwa ba shi da bakin faɗa. Ta rungume shi ta baya suka zube ƙasa, tana tunanin wuyan rigar da ba ta gama ɗinkawa ba.

Da jikinsa ya saki, ta tsamo marafan daga shara ta ɗauraye, ta zuba masa. Ya soma jerawa yana ajiyar zuciya. Sannan ta ƙwanƙwasa banɗaki.

Kaka na zaune kan murfin masai, auduga a kunnuwanta, biskit a hannu. Daga kwandon da aka ajiye wa Auta a bayan ƙofa suka fito.

"Ita ta toshe mini," in ji Kaka. "Ta ce ko ya yi shiru kar in buɗe, wani lokaci hutawa yake. Tun yaushe take wannan?"

"Tun da ta fara tafiya."

Wannan amsar Maman Dogo ta sha ba mutane da alfahari. Yau da ta fito, sai ta ji ba daɗi a bakinta.

Kaka ta sunkuya. "Auta, za ki bi ni ki yi kwana biyu?"

"Banɗakinki yana da sakata?"

"Me za ki yi da sakata? Ni kaɗai ce a gidan."

"To in an fara, ina ake shiga?"

"Ba a farawa a gidana."

Auta ta yi dariya, ta dubi uwarta, wai ta ji zolayar Kaka. Maman Dogo ba ta yi dariyar ba. Ta wuce ɗaki, ta sauko da jaka, ta shiga ninke 'yan rigunan Auta. Ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba, sai dai hannunta da ya fara zogi.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta.

"Mama, in na tafi, wa zai kawo miki ruwa in an gama?"

"Zan ɗebo da kaina," ta ce. "Miƙo takalmanki."