Facin Rariya

Mijina makanike ne, kuma a wurinsa duk abin da ke juyawa mota ne. Shi ya sa da ya ga rariyar injin matse ruwan 'ya'yan itace ta toshe da dusar karas, bai tambayi kowa ba, ya sa ta a aljihu ya tafi da ita gareji. Can ya dirje ta da burushin ƙarfe, ya kafa mata bututun iskar da suke hura tayoyi. Da rana ya dawo yana washe baki, ya miƙo min ita tana ƙyalli, da wani rami a gefe wanda babban yatsana zai wuce.

"Mene ne wannan, Injiniya?" na ce. Ba na kiransa Injiniya sai raina ya ɓaci.

"Ɗan tsagewa ne kawai, Gimbiya. Amma dubi yadda ta fita fes."

Na dube shi, na dubi ramin, na ji kaina yana hayaƙi. Wannan injin ba na ƙawa ba ne. Tun da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki muka dawo da shi gidanmu, ba ya iya haɗiyar komai sai abu mai ruwa da aka tace tas. Ɗan gudaji kaɗan ya wuce maƙogwaronsa, sai ya ƙware har idanunsa su firfito. Ga shi tun safe ruwan ɗumi kawai ya sha, yana kwance a ɗakin da ke jikin kicin yana jira.

Na kira mai shagon da muka sayi injin, ya ce irin wannan rariyar sai an yi odarta. Na kira yayana, ya ce yana cikin taro, amma yana yi wa Baba addu'a. Na gode masa da muryar da ta sa ya kashe wayar da sauri.

Mijina kuwa har ya ɗauko gam.

"Gam? A abin da Baba zai sha? Ka rasa abin da za ka ɗura masa sai gam?"

"To in kai wa mai walda."

"Ka sake fita da ita daga gidan nan, wallahi kai ma kada ka dawo."

Ni tela ce, abin da na iya shi ne faci. Na ɗauko sabuwar matatar shayi, na yanke ragarta da almakashi, na shimfiɗa a kan ramin. Na zura siririn zaren roba a allura, na fara bin ƙananan hudojin rariyar ɗaya bayan ɗaya. Bakin ƙarfen da ya yage ya tsaga min yatsa, na tsotse jinin na ci gaba. Hannuna na ɗinki, bakina na aikinsa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, shi kuma yana tsaye jikin firij yana sosa ƙeya.

Na gama, na mayar da rariyar, na kunna. Injin ya hau rawa a kan teburi, yana tafiya da kansa zai faɗo ƙasa. Na yi wuf na kashe.

"Gefe ɗaya ya fi nauyi," in ji shi a hankali, kamar mai tsoron kada in cije shi. "Haka taya take yi. Ki ɗinka wani facin daidai girmansa a ɗaya gefen."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na sake yanko raga, na sake zura allura, fushina ya ƙaru maimakon ya ragu.

"Ka iya ɓatawa, ka iya ba da shawara! Ni ce wanki, ni ce juya shi a gado, ni ce tacewa, ni ce goge baki. Ɗinkin mutane ya taru ban taɓa ba. Na gaji! Wallahi na gaji da wannan jinyar, ko numfashi ba na samun yi a gidan nan!"

Mijina ya ɗaga hannu yana nuna min bangon ɗakin Baba. Na ce ya sauke min hannunsa, ban gama ba. Sai da na amayar da duk abin da ke cikina sannan na ɗaure zaren.

Wannan karon injin ya juya lafiya lau. Na zuba karas da tuffa, ruwan ya sauko a kofi. Na sake tace shi da farin ƙyalle don in tabbata, ban ga ko ƙwayar dusa ba. Har da ɗan alfaharina na ɗauki kofin da cokali na nufi ɗakin Baba. Sai a lokacin na lura ƙofarsa a buɗe take.

"Baba, ga shi an samu. Yi haƙuri, ka sha yunwa."

Na tallafo kansa, na kai cokalin bakinsa. Ya datse leɓɓansa. Na ce ko ya yi masa sanyi ne, ya girgiza kai. Na lallaɓa, na roƙa, na ce don Allah ko cokali ɗaya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture nawa a hankali, ya nuna mijina da ke raɓe a bakin ƙofa.

Mijina ya goge hannuwansa a jikin wando, ya karɓi kofin, ya durƙusa gaban gadon. Baba ya buɗe baki ya sha, ya haɗiye ba tare da ko tari ba. Ya sha na biyu. Sannan ya juyo da idanunsa kaina, ya yi ta kokawa da harshensa mai nauyi har maganar ta fito.

"Je ki... ki huta, 'yata."