Bencin Tsofaffin Masaƙa

A bakin titin da ya ratsa Sharada akwai wani mai shayi, a gefen teburinsa akwai dogon benci. Bencin na tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ciyawa ta rufe harabarta, amma mutanenta suna nan. Safe da yamma suna zama a jere, kowa ya karkato yana kallon bakin ɗan'uwansa. Ƙarar injin saƙa ta cinye musu kunnuwa tun suna da ƙarfinsu. Babu wanda ya taɓa faɗin haka a cikinsu.

Malam Ashafa shi ne babbansu. Dogo ne, ba ya dariya, ba ya maimaita magana. Shi ya koya wa yawancinsu dokar aiki: in heluma, wato shugaban leburori, ya yi magana ba ka ji ba, kalli leɓensa. In ba ka gane ba, gyaɗa kai. Kada ka kuskura ka ce ba ka ji ba.

Dokar tana da dalili. Wata shekara kamfani ya kawo wata ma'aikaciyar asibiti da wani akwati mai wayoyi. Aka riƙa kifa wa mutum wasu faifai biyu a kunnuwa, a ce in ka ji ƙara ka ɗaga hannu. Aka ce don lafiyarsu ne. Duk waɗanda suka yi gaskiya, kafin wata ya mutu an sallame su. Ashafa bai ji komai ba a ranar. Yatsan matar ya zuba wa ido, duk lokacin da ta danna sai ya ɗaga hannu. Ya ci gaba da aikinsa har ranar da aka rufe masaƙar.

Yana da jika, Ɗayyabu, ɗan 'yarsa Rabi. Uban yaron ya rasu, a gidan Ashafa ya tashi. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a. Ranakun da babu lacca yana aiki a wani kamfanin roba, a kan injin da ke niƙa tsofaffin bokitai da jarkoki. Injin nan in yana aiki, ƙasa ma rawa take yi.

Wata safiya Ɗayyabu ya wuce ta gaban bencin, garin roba fari fat a gashinsa. Gwadabe, abokin Ashafa tun na masaƙa, ya ƙwala masa kira daga baya.

"Ɗayyabu! Kai, ɗan boko! Ba gaisuwa?"

Ɗayyabu bai waiwayo ba. Gwadabe ya juyo ya fuskanci Ashafa don ya ga bakinsa.

"Ashafa, girman kai jikanka ya koyo a jami'a, ko kuwa namu ne ya kama shi?"

"Sha shayinka."

"In namu ne ai akwai wuri. Tun da abokinmu Abdulbaqi ya rasu gefen nan babu kowa." Ya bugi katakon da tafin hannu.

Ashafa ya tashi ya bar shayinsa bai sha ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, wata mata ta yi sallama a gidan. Tana dogara sandar ƙarfe, ƙafarta ɗaya ta shanye. Rabi ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Matar ta ce sunanta Malama Khadijat, daga jami'a take, daga ofishin da ke tallafa wa ɗalibai masu buƙata ta musamman. Tana magana tana fuskantar Ashafa sosai, a hankali. Wannan ya ɓata masa rai. Ya gane ta gane.

"Baba, Ɗayyabu yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Abin da ya karanta da idonsa ba ya mantawa. Amma abin da malami ya faɗa da baki yana wuce shi. Ya faɗi darussa a bara, an ba shi gargaɗin ƙarshe. Yanzu akwai jarrabawar baka a gabansa, malamai za su zauna su yi masa tambayoyi a kan aikin da ya rubuta. In ya faɗi wannan, jami'a za ta sallame shi."

"Sai ya ci."

"Muna so ya ci. Shi ya sa na zo. In aka gwada kunnensa aka tabbatar, ofishinmu zai sa a rubuta masa tambayoyin a allo. Za a ba shi kujerar gaba a aji. Wataƙila ma a samo masa na'urar da ake maƙalawa a kunne."

"Wa ya ce miki kurma ne?"

"Ban ce kurma ba, Baba."

"Da me ake gwajin?"

Ta kwatanta da hannuwanta, faifai biyu a kan kunnuwa.

Ashafa ya daɗe yana kallon hannuwan nata. Ya ce, "Na san shi. Bayan gwajin sai me? Sai a ce ya tattara littattafansa."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba. Ku dube ni. Da sandar nan na yi karatu a can. Ofishin nan ne ya sa aka sauko da ajinmu daga bene."

"Ke ƙafa ce. Ana ganin ƙafa, ba yadda za ki yi. Kunne ba a ganinsa sai mai shi ya yi wauta."

"Baba, ku bari dai ta gama," in ji Rabi.

"Ta gama."

Malama Khadijat ta dafa sandarta ta miƙe. A bakin zaure ta tsaya ta ce wa Rabi, "Ƙofarmu a buɗe take har ranar jarrabawar. In sakamako ya fito, ba ni da ikon taɓa shi."

Ranar Alhamis da safe Ashafa yana alwala ya hango Rabi da Ɗayyabu a bakin madafi. Ta rage murya tana yi masa magana. Rage murya ba ya ɓoye wa Ashafa komai. Ya ga bakinta ya ce, "Ka je yau, kada ka faɗa masa."

Ya bari yaron ya fita. Ya sa babbar rigarsa, ya tari adaidaita, ya bi bayansa. Bai taɓa shiga jami'a ba. Ya tambayi masu gadi, suka nuna masa wani gini a ƙasa, mai gangare maimakon matakala.

Ɗakin jira cike yake. Wani makaho yana zaune da waya a kunne, wayar tana karanta masa littafi. Wata yarinya a keken guragu tana cin gyaɗa tana rubutu a kan cinyarta. Wani saurayi, da ganinsa mutumin Nijar ne, ana koya masa Turanci a lungu. Wasu biyu suna hira da yatsu suna ƙyalƙyala dariya. Ashafa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. A ransa ya ce an riga an ware su, saura a buɗe musu ƙofar fita.

Ya tura ƙofar ciki. Ɗayyabu yana zaune a kujera, faifan nan biyu a kan kunnuwansa. Wani mutum mai farar riga yana gaban akwati. Akwatin ya ƙanƙance, ya yi kyau, amma shi ne. Kuma an juya wa yaron baya, ba ya ganin yatsan mai dannawa. Mutumin ya danna. Hannun Ɗayyabu yana kan gwiwarsa bai motsa ba. Ya sake dannawa. Bai motsa ba.

Ashafa ya taka ya cire abin daga kan jikansa, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Tashi."

"Kaka..."

"Tashi, na ce."

Malama Khadijat ta shigo tana jan ƙafa. "Baba, saura kaɗan a gama. In ba a gama ba babu abin da zan kai wa malamansa. Ɗayyabu, kai ba yaro ba ne. Karatunka ne. Faɗi abin da kake so."

Ɗayyabu ya dubi bakinta, ya dubi bakin kakansa. Kakan nan nasa ne ya goya shi, ya kai shi makaranta a kan keke, bai taɓa faɗa masa abu ya zama ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki jakarsa.

"Malama, ku yi haƙuri. Ina ji. Gajiya ce kawai."

Daga ranar Ashafa ya ɗauki koyarwa. Kowace yamma bayan la'asar yana zaunar da shi a tsakar gida, ya yi magana ba murya, Ɗayyabu ya faɗi abin da ya ce. In ya kuskure, a sake. Yaron ya kama da sauri, har Ashafa ya ji daɗi, ko da yake bai nuna ba.

"Ka zauna inda haske yake kan fuskarsu, ba kan taka ba. Kada ka kalli ido, kalli leɓe. In abu ya wuce ka, gyaɗa kai, ka faɗi abin da ka sani. Manya ba sa son a ce su maimaita."

"Kaka, da Turanci za su yi tambayar."

"Baki baki ne."

Rabi tana tankaɗe a gefe tana jin su. Tankaɗen ne kawai ya ƙara sauri. Sau biyu Malama Khadijat tana kiran wayarta, Rabi tana fita zaure ta amsa, ta dawo idonta ja.

Ɗayyabu bai daina zuwa kamfanin roba ba. Ya fara karkatar da kai gefe ɗaya in ana magana. Ran nan ladan ya kira sallah a masallacin da ke jikin gidansu, kowa ya tashi, shi yana zaune da littafi har sai da uwarsa ta taɓa kafaɗarsa.

Ranar jarrabawa ya sa farar shadda, ya tafi da wuri. Aka kira sunansa, wani ɗalibi ya zungure shi, ya shiga. Malamai uku ne a bayan dogon tebur, taga tana bayansu, hasken yana dukan idonsa. Na tsakiya, wanda zai yi tambayoyin, mura yake yi. Ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki.

Takunkumin ya motsa. Ya tsaya. Malaman suka zuba masa ido.

Ɗayyabu ya san aikinsa ciki da waje. Da za a rubuta masa tambayar, da ya amsa ta har su gaji. Allo yana nan a jikin bango, babu komai a kansa. Ya buɗe baki zai ce bai ji ba, sai ya tuna dokar kakansa. Ya gyaɗa kai, ya fara bayanin babin farko.

Malamin ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Takunkumin ya sake motsawa, wannan karon ya daɗe. Ɗayyabu ya gyaɗa kai, ya shiga babi na biyu. Malamar da ke gefen dama ta dubi na hagu. Na hagu ya ajiye alƙalaminsa.

Da ya fito, Malama Khadijat tana tsaye a ƙarshen baranda, ta jingina da sandarta. Ta dubi fuskarsa. Bai tsaya ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da adaidaita ta sauke shi a Sharada. Ma'aikatan safe suna fitowa daga kamfanoni, na yamma suna shiga. Tsofaffin suna kan benci. Ashafa ya hango farar shaddar tun daga nesa, ya gyara zama.

Ɗayyabu ya zo ya durƙusa ya gaishe su. Ashafa yana zuba shayi a faranti don ya huce, kansa a sunkuye, gemunsa ya rufe bakinsa. A haka ya yi tambayar.

"Me suka tambaye ka?"

Ɗayyabu ya gyaɗa kai.

Hannun Ashafa ya tsaya. Ya san wannan gyaɗawar. Shi ya koyar da ita, a masaƙa da kuma a tsakar gidansa. Shayin ya cika farantin ya fara zuba a ƙasa.

A tsallaken titi injin niƙa roba ya tashi, katakon da suke zaune a kai ya ɗauki rawa. Gwadabe bai yi tsokana ba yau. Ya tattara rigarsa, ya matsa kaɗan, ya share ƙurar da ke wurin Abdulbaqi da tafin hannunsa.

Ɗayyabu ya dubi wurin. Ya ajiye jakar littattafansa a ƙasa, ya zauna.