Ranar da Inna Ta Goge Hannunta

Tun da Auta ta fara aiki a ofishin shirin raya tattalin arziki ba tare da ɓata muhalli ba, ba ta taɓa gaya wa kowa sana'ar mahaifiyarta ba. In an tambaya sai ta ce, "'Yar kasuwa ce," ta maida ido kan kwamfuta. Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai gawayi Inna ke sayarwa a wata rumfa bayan tashar mota, ga shi kuma a bangon ofishin an liƙa ƙaton hoton buhun gawayi, an ja masa jan layi.

Shirin kam Auta ta yarda da shi har cikin ranta. Za a rage sare itatuwa, a raba murhun da ba ya hayaƙi, a koya wa masu gawayi sabuwar sana'a. "Ba wanda za a bari a baya," in ji Darakta a kowane taro, yana ƙwanƙwasa tebur da biro.

Ranar ƙaddamarwa, da safe, Auta ta fito tsakar gida ta tarar da Inna a tsugune bakin famfo, tana dirzar hannunta da soso da lemun tsami. Farin mayafinta na fita unguwa yana rataye a igiya.

"Direbanku ya zo kasuwa jiya," in ji Inna. "Wai mu zo a ba mu murhu. Na ce ba zan je ofishin Autata da hannu kamar gindin tukunya ba."

Auta ta ce, "Inna, in kin gan ni a can…"

Inna ta ɗago ta dube ta, sannan ta yi dariya. "Na gane. Ban san ki ba, ba ki san ni ba. Miƙo min sabulun nan."

Da ma faɗa ta yi, da ya fi sauƙi.

A harabar ofis an kafa rumfa, an jera fararen kujerun roba, ga kwalayen murhu an tsiba su gefe guda. Matan gawayi sun zauna a layin gaba, kowacce ta sha wanka ta ci kwalliya. Mai hoto ya zagaya su, ya taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ne masu gawayin? Ai sun fi ni tsafta! Masu ba da tallafi hoto biyu suke so, na da da na yanzu. Wa zai ga wannan ya ce na da ne?"

Darakta ya sosa ƙeya. Idonsa ya faɗa kan buhun gawayin da aka ajiye don nuni, sannan ya faɗa kan Auta.

"Ƙaramarmu, ɗebo kaɗan ki shafa wa waccan tsohuwar mai farin mayafi. Hannu kawai. Yi sauri, manyan baƙi na hanya."

Auta ta nufi buhun. Ta ɗauki dunƙulen gawayi, ta tsaya gaban Inna. Matar da ke kusa, mai rumfar da ke maƙwabtaka da ta Inna, wadda ta sha goya Auta tana jaririya, ta buɗe baki za ta yi magana. Inna ta taka mata ƙafa.

"Bismillah, ranki ya daɗe," Inna ta ce, ta miƙo hannu. "Shafa abinki. Ai sun saba."

Auta ta kama hannun. Fatar ta yi ja saboda dirza, har wani wurin ya ɗan saɓule, ƙamshin lemun tsami na tashi. Ba ta taɓa ganin faratan nan da haske haka ba. Ta goga gawayin a bayan hannun, ta goga a tafin, baƙin ya koma cikin tsagogin kamar bai taɓa fita ba.

"Yauwa!" in ji mai hoto. "Ɗan ƙara a kumatu. Baba tsohuwa, ki ɗan ɓata rai, kamar duniya ta ishe ki."

Inna ta ɗago fuska ta rufe ido, yadda take yi in Auta za ta ɗiga mata maganin ido. Hannun Auta ya tashi, ya tsaya a iska.

"Inna, tashi."

"Me kika ce?" Darakta ya matso.

"Mahaifiyata ce." Muryar ta fito 'yar siririya, sai da ta maimaita. "Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

Mai hoto ya shiga goge gilashin kyamararsa da bakin riga. Maƙwabciyar rumfa ta ce, "To, Allah ya buɗe bakin," da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Darakta ya yi gyaran murya, ya rusuna. "Sannu, Mama, a gafarce mu." Can kuma fuskarsa ta washe. "Ai wannan ma ya fi! 'Yar mai gawayi a cikin ma'aikatanmu! Mai hoto, ɗauke su tare."

"Hannu ɗaya baƙi, ɗaya fari?" in ji Inna. "Yaro, nuna min famfo tukuna."

Famfon na bayan ofis, kusa da inda ake ajiye motoci. Auta ta tsuguna tana wanke mata hannun da ruwa zalla, baƙin ya ƙi fita, hawaye na ɗiga a kai. Ta so ta ba da haƙuri, amma kalmar ta yi mata ƙanƙanta.

"Kin yi min asarar lemun tsami," in ji Inna. "Bar shi haka, ki wanke naki, ke ce mai taɓa takardun mutane."

"A'a."

"A'a me?"

Auta ta miƙe, ta gyara wa Inna mayafi, sai ga shatin yatsunta baƙi a kan farin yadin. Inna ta dubi wurin, ta yi tsaki, ta kama hannun 'yarta.

"Mu je, kar su raba murhun babu ni."